Samanja da Hausar Bariki

A ranar 12 ga Nuwamba 2023 Allah ya yi wa Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna, mutumin da aka fi sani da Samanja Mazan Fama. An haife shi a 1942 a gidan sarautar Pategi, cikin jihar Kwara ta yau. Banufe ne, amma da Hausa ya yi suna.

Ya shiga soja a shekarun 1960, ya yi yaƙin basasar Nijeriya, ya ajiye kaki a 1985. Abin da ya gani a bariki shi ya mayar wasan ban dariya a rediyo da talabijin na Kaduna: samanja mai tsawa da kurari, yana fama da kurata. Babban makaminsa harshe ne, Hausar bariki gauraye da Turancin fareti.

Wannan harshe ba baƙo ba ne a zangunanmu. Tun 1873 Kyaftin Glover ya ɗebi sojojin Hausa domin yaƙar Asante, daga baya Hausa ta zama harshen bariki a Gold Coast, inda Moshi da Dagomba da Frafra suka riƙa fahimtar juna da ita.

Saboda haka duk ɗan Nima ko Maamobi da aka yi wa gorin cewa Hausarsa ba ta Kano ba ce, ya tuna Samanja: da gaurayayyiyar Hausa ya sa Kanawa da Sakkwatawa dariya shekara da shekaru. Allah ya jiƙansa da rahama.