Tilly Edinger: Matar da ta Karanta Ƙwaƙwalwa a Jikin Dutse

Ƙwaƙwalwa nama ce mai laushi. Idan dabba ta mutu, tana cikin abin da ke fara ruɓewa. To, ta yaya za a san siffar ƙwaƙwalwar halittar da ta shuɗe tun shekara miliyan 150? Wadda ta mayar da wannan tambaya fannin ilimi mai zaman kansa wata Bajamusa ce, Bayahudiya, mai suna Tilly Edinger.

An haife ta a birnin Farankfot a shekarar 1897. Mahaifinta, Ludwig Edinger, shahararren likitan ƙwaƙwalwa ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai ita kasusuwan da suka zama dutse ta nufa. A 1921 ta samu digirin dakta a kan Nothosaurus, wata dabbar ruwa ta zamanin da. Cikin wannan aiki ta lura cewa idan laka ta cika ƙoƙon kai ta sandare, takan ɗauki zubin ƙwaƙwalwar da ta taɓa zama a wurin, kamar yadda tubali ke ɗaukar siffar abin da aka zuba shi. Inda laka ba ta yi aikin ba, sai masani ya zuba farar ƙasa da hannunsa.

Shekara da shekaru ta yi tana aiki a gidan tarihi na Senckenberg ba albashi. A 1926 ta yi nazarin kan Archaeopteryx, tsuntsun nan mai haƙora da doguwar wutsiya da aka tono a Jamus, ake ajiye da shi a Landan. A ganinta, ƙwaƙwalwarsa ta fi kusa da ta dangin ƙadangare. A 1929 ta tattara abin da aka sani cikin littafinta Die fossilen Gehirne, wato ƙwaƙwalen da suka zama dutse, wanda ya zama harsashin fannin.

Sai ƴan Nazi suka hau mulki a 1933. Ta ci gaba da aiki a ɓoye, tana shiga ta ƙofar gefe, har watan Nuwamba na 1938, lokacin da aka ƙona wuraren ibadar Yahudawa, aka haramta mata taka gidan tarihin. A 1939 ta tsira zuwa Landan, a 1940 ta isa jami'ar Habad ta Amurka, inda Alfred Romer ya ba ta wurin aiki. Ɗan'uwanta Fritz bai tsira ba. Ilimin da aka raina a ƙasarta shi ya buɗe mata ƙofar wata ƙasa. A 1948 ta wallafa bincikenta kan tarihin ƙwaƙwalwar doki, kuma a 1963 ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar masana kasusuwan dabbobin da ta Amurka. Tun ƙuruciya take fama da kurumta. A watan Mayu na 1967 mota ta buge ta a kan titi, ta rasu.

Hukuncinta game da Archaeopteryx bai ɗore ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne. A 2004 ayarin Angela Milner ya haska kan da na'urar sikana, ya tarar sassan gani da na daidaita jiki sun bunƙasa irin na tsuntsu mai tashi. A 2013 Amy Balanoff da abokan aikinta suka nuna cewa wasu dinozor masu kusanci da tsuntsaye suna da ƙwaƙwalwa mai girma kamar tasa ko fiye, idan an gwada da jikinsu. Ke nan ƙwaƙwalwar tsuntsu ta soma ginuwa tun cikin dinozor, kafin tashi sama. Da hanyar da ta shimfiɗa aka gyara kuskurenta.

Wannan hanya ta biyo har ta ƙasarmu. A Gadufawa, cikin Tenere, inda Bafaranshe Philippe Taquet ya fara tono a 1965, aka samo kasusuwan Nigersaurus, mai haƙora sama da 500. A 2007 Paul Sereno da ayarinsa suka fitar da zubin ƙwaƙwalwarsa da na cikin kunnensa, suka fahimci cewa bakinsa ƙasa yake kallo, yana cin tsirrai na kusa da ƙasa. Wasu masana sun yi jayayya kan yadda yake riƙe kan nasa. Kasusuwan namu ne, amma a ƙetare aka karanta su.

Duk lokacin da na ga ɗalibai sun yi cirko-cirko gaban manyan kasusuwan gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, Edinger nake tunawa. Ƙasarta ta rufe mata ƙofa, ta yi asarar ta har abada. Mu muna da kasusuwan, muna da yaran. Abin da ya rage shi ne ɗakin bincike, da malamin da zai ce wa yarinya daga Maraɗi ko Damagaram ta matso ta duba cikin ƙoƙon.