Daga Dutsen Ɗaukaka Zuwa Girku

A Luka sura 9 Bitrus ya ga ɗaukakar Yesu bisa dutse, har ya so kafa bukkoki. Amma zancen da Musa da Iliya suke yi da Ubangiji, na mutuwarsa ne a Urushalima.

Mu mazauna Gyadi-Gyadi da Tarauni, mu tuna da 1900. Daga Zariya Bishop Tugwell da Likita Miller suka iso Kano. Sarki Alu ya sallame su, suka koma Girku, can abokinsu Ryder ya rasu. Ko bukka ɗaya ba su kafa a Kano ba. Duk da haka Miller bai saki aikin fassara ba, har Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932. Cikinsa iyayenmu suka karanta wahayin nan da Hausa.