Mutanen Bura da yaranmu ba su sani ba

Duk malamin da ya taɓa raka ƴan lakol gidan adana kayan tarihi na Boubou Hama a Yamai ya san yadda tafiyar ke kasancewa. Yara su ruga wurin zakuna da dorina, su tsaya baki buɗe gaban ƙasusuwan dinosor, a leƙa kututturen bishiyar Tenere da mota ta kayar a 1973, sai a ce rana ta yi, a koma gida. Ɗakin kayan da aka tono daga ƙasa kuwa, in ma an shiga, wucewa ake yi kamar ana bin hanya. Ni a ganina nan ne ya fi cancanta a daɗe, domin can ne za a iya ba yaro labarin Bura.

A 1975 wani saurayi a yankin Tera, cikin jihar Tillaberi, ya tsinci kawunan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a wurin da ake kira Asinda-Sikka, kusa da ƙauyen Bura. Sai a 1983 Boubé Gado, masani a cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Yamai, ya jagoranci tonon wurin. A fili mai tsawon mita 25 da faɗin mita 20 kacal, aka iske tuluna fiye da 600 a kife, kusa da kusa. Wasu dogaye ne kamar turmi, wasu masu ƙiba, an yi musu zane, wasu kuma an ɗora musu kan mutum ko mahayin doki. Ƙarƙashinsu gawarwaki ne, tare da kibau na ƙarfe, da mundaye, da duwatsun ado. Maƙabarta ce ke nan, kuma bincike ya nuna an yi amfani da ita daga wajen ƙarni na 3 zuwa na 13.

A tsaya a kan wannan lissafi. Askiya Muhammadu, wanda kowane ɗan firamare ya haddace sunansa, ya hau mulkin Songhai ne a 1493. Ke nan shekaru fiye da dubu kafin shi, akwai mutane a kwarin kogin Kwara masu ƙira, masu dawaki da linzami, masu tsarin binne mamatansu da girmamawa. Ba su bar rubutu ba. Ba wanda ya san da wane harshe suke magana, ko sunan da suke kiran kansu. Mu ne muka laƙaba musu sunan ƙauyen da aka same su. Duk abin da za a sani game da su yana cikin tulunan, da kuma yadda aka jera su a ƙasa.

Wannan na biyun shi ne aka yi asararsa. Bayan an baje kolin kayan Bura a Paris a 1993, cikin nunin tarihin kwarin Kwara, sai dillalan Turai da Amurka suka buɗe jaka. Talauci da fari suka yi sauran aikin: manoma suka shiga tono da galma da shebur, suna fasa tulu don cire kan da ke samansa. Nijar ta yi dokar kare kayan gado a 1997, a 2000 kuma majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ake sacewa, amma ɓarna ta riga ta yi nisa. Tulun da aka fizge daga kabarinsa ya zama kayan ado kawai. Ba a san wa ke kwance ƙarƙashinsa ba, ba a san shekarunsa ba.

Na sha jin iyaye na cewa ai gumaka ne, me yaro zai koya? Ina girmama wannan damuwa, amma ba bauta aka ce a yi ba. Muna kai yara su ga kura, ba mu ce su zama kuraye ba. A tsibirin Gozo na ƙasar Malta, wanda bai kai murabba'in kilomita 70 ba, akwai gine-ginen dutse na Ggantija da suka girmi dalar Masar. Mutanen tsibirin Kiristoci ne, ba su bin addinin waɗanda suka yi ginin, amma sun killace wurin, baƙi na biyan kuɗi su shiga, tun 1980 kuma yana cikin jerin UNESCO. Bura tana jiran layi a jerin wucin gadi tun 2006.

Yau babu malami mai hankali da zai ɗauki aji ya nufi Tera, ganin halin tsaron yankin. Saboda haka ziyarar ta rage a nan cikin gari. Kafin ranar tafiya, malami ya je shi kaɗai ya ga abin da ke ajiye, ya nemi mai yi wa baƙi bayani. Ranar kuma a fara da ɗakin kayan tono tun yara ba su gaji ba, a ba kowa takarda da fensir ya zana tukunya guda, ya kwatanta zanenta da na randar gidansu, ya tambayi kakarsa yadda ake gasa yumɓu a garinsu. Zakuna na nan, ba inda za su.