Sana'ar Ɗaukar Hoton Karnuka

Ɗaukar hoton karnuka reshe ne na sana'ar hoto wanda ake biyan gwani ya fito da siffar kare da halinsa, ko don ajiyar mai shi, ko don talla, ko don masu kiwon da ke neman kasuwar 'yan kwikwiyo. Sana'ar ta yi ƙarfi ne a Turai da Amurka, inda William Wegman ya yi suna tun daga 1970 da hotunan karensa Man Ray, Elliott Erwitt kuma ya wallafa littattafan hotunan karnuka.

Wahalar aikin ita ce kare ba ya tsayawa don a ɗauke shi, saboda haka mai hoto kan durƙusa daidai idon dabbar, ya ƙara saurin shata, wato ƙyauren da ke buɗe wa haske hanya cikin kyamara, domin kada motsi ya dusashe hoton.

A Kafanchan da sauran Kudancin Kaduna kuwa, inda aka fi ajiye kare don gadi da farauta, abincin masu hoto ya fi fitowa daga aure da suna da taron coci. Sai dai al'adar farauta, wadda bikin Afan na Kagoro ke karramawa kowace ranar 1 ga Janairu, fage ne mai daraja, kuma karen mafarauci ya cancanci a adana hotonsa kamar na ubangidansa.