Yadda Haruffan Sinanci Suka Samo Asali

Rubutun Sinanci mafi tsufa da aka tabbatar ya fito ne daga ƙarshen daular Shang, wajen shekara ta 1250 kafin miladiyya. Sarakunan wannan daula sukan sa a yi musu duba da ƙashin kafaɗar bijimi ko ƙoƙon kunkuru. Ana ɗosa masa wuta har ya tsage, masu duba su karanta tsagar, sannan a sassaƙa tambayar a jikinsa: za a yi ruwa, za a ci yaƙi, matar sarki za ta sauka lafiya? Mafi yawan waɗannan ƙasusuwa an tono su ne kusa da Anyang, a lardin Henan. Masu magani sun daɗe suna niƙa su, har sai a 1899 wani masani, Wang Yirong, ya gane rubutu ne a kansu.

A zamanin daular Zhou rubutun ya koma jikin tukwanen tagulla, kuma da ƙasar Sin ta rarrabu kowace masarauta ta riƙe nata salo. Sarki Qin Shi Huang ya haɗe ƙasar a 221 kafin miladiyya, wazirinsa Li Si kuma ya tsayar da salo guda, wanda ake kira rubutun hatimi.

Amma babban sauyin daga hannun magatakarda ya zo. Aiki ya yi musu yawa, rubutun hatimi kuwa lanƙwasa gare shi mai cin lokaci, sai suka miƙar da layukan don burushi ya yi sauri. A nan kamannin hoto ya gushe. Rana, wadda da can da'ira ce mai ɗigo a tsakiya, ta zama 日. Daga wannan salo ne rubutun yau ya fito, ya kuma zauna da gindinsa a daular Tang.

Masu koyo da dama na ɗaukar kowane harafi hoto ne, kuma wannan kuskure ne mai wahalar da ɗalibi. Mafi rinjayen haruffan haɗi ne na sashe biyu, ɗaya na nuna ma'ana, ɗayan lafazi. A 妈, wato uwa, gefen hagu mace yake nufi, na dama kuwa doki ne, ba don komai ba sai don ana furta shi "ma". Xu Shen ya bayyana wannan tsari tun wajen shekara ta 100 miladiyya a ƙamusinsa Shuowen Jiezi, inda ya jera haruffa 9,353 ƙarƙashin tushe 540, wato sassan harafi da ake kasa haruffa bisa su. Ƙamusin Kangxi na 1716 ya yi aiki da tushe 214.

Daga 1956 gwamnatin Sin ta fara sauƙaƙa haruffa don yaƙi da jahilci: doki ya ragu daga zane goma, 馬, zuwa uku, 马. A 1958 aka amince da pinyin, mai rubuta lafazi da baƙaƙen boko. Taiwan da Hong Kong har yau tsohon salon suke rubutawa.