Goge wuƙa da hannu a Kafanchan



Ƙarfe ba baƙo ba ne a kudancin Kaduna. A Nok, ƙasar Jaba, masu haƙar kuza suka tono wani kai na yumɓu a 1928, kuma mutanen wannan al'ada sun narka tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Iyayenmu 'yan kasuwa sun biyo layin dogo da ya haɗu a Kafanchan a 1927, maƙera suka biyo su. Daga nan tama ta yi baya, ƙarfen jirgi da sifirin mota suka zama kayan ƙira.

Amma guduma ba ta gama wuƙa. Sai an bi ta da zarto, a ɗora ta kan dutsen wasa ana yayyafa ruwa, sannan yashi mai laushi da toka su share zanen zarto. A cikin zanen nan jini da tsatsa suke maƙalewa, shi ya sa mahauci yake shafa ruwan wuƙa da yatsa kafin ya taya.

Yau samfefa da injin wasa sun karɓi aikin. Injin yana da sauri, sai dai yakan ƙona baki, kaifin ya mutu da wuri.