Zaurancen masu kwana da kwamfuta

Mahauci yana da kalmomin da mai sayen nama ba ya ganewa, haka ma maƙeri da dillali. Masu kwamfutar farko su ma sun yi nasu zaurancen, kuma suka rubuta shi.

Abin ya faro ne a jami'ar MIT ta Amurka, cikin ƙungiyar ɗalibai masu harhaɗa jiragen ƙasa na wasa. A 1959 ɗaya daga cikinsu, Peter Samson, ya tattara kalmomin ƙungiyar, ciki har da "hack". A bakinsu kalmar ba ta shafi sata ko kutse ba. Aiki ne da mutum ya yi da dabara don daɗin yinsa kawai, irin wanda gwani zai gani ya jinjina. Da kwamfutar PDP-1 ta iso a 1961 suka tare a gindinta, galibi da dare in manya sun tashi, kuma a kanta aka kammala wasan Spacewar a 1962.

Aikin ɗaure-ɗaure, wanda ya tashi amma babu kyan gani, suna ce masa "kludge". Matsala kuwa "bug" ce, wato ƙwaro. Wannan kalma ta girmi kwamfuta, amma a 1947 an ciro ƙwaro na gaske daga injin Mark II na Harvard, aka manna shi cikin littafin aiki.

A 1975 Raphael Finkel ya buɗe kundin irin waɗannan kalmomi mai suna Jargon File a jami'ar Stanford, a 1983 Guy Steele ya fitar da shi a littafi. Daga baya jaridu suka mai da "hacker", wato mai yin "hack", sunan ɓarawon intanet, abin da ya yi wa tsofaffin gwanaye ciwo. Da ba su rubuta ba, da ma'anar farko ta bi ruwa.

Nan ne abin ke taɓa ni. Ka tsaya a rumfar mai gyaran salula a Sabon Garin Maraɗi, za ka ji "rezo" da "dekode" daga Faransanci, ka ji "filashin" irin na Kano da Katsina, duk an yi musu rigar Hausa. In wani samfurin waya ya shuɗe, kalmominsa kan bi shi. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ku ɗauki biro da takarda ku zauna da masu gyaran nan tun ana iya jin kalmomin daga bakin masu su.